Masu fita daji kallon macizai da ƙadangaru: sha'awa ce ko ganganci?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar Zangon Kumasi. Tun da ruwan farko ya sauka ake ta turo mini hotunan macizan da aka kashe a gidaje, daga Sawaba, daga Asawase, har daga Tafo, ana tambaya ko masu dafi ne. Galibinsu macijin gida ne, ɗan siriri mai ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, da fararen layuka a gefen kai. Wannan ba shi da dafi ko kaɗan, ɓera ne ya kawo shi. Tunda an san ni da wannan harka, gara in faɗi abin da muke yi a fili. Mu 'yan kaɗan ne. Ranar da babu aiki mukan sa takalmin roba mai tsawo da wando mai kauri, mu ɗauki tocila da waya, mu nufi kurmin Bobiri ko na Owabi da ke kusa da Kumasi, ko gonar koko ta wanda ya ba mu izini. Abin da ke kai mu shi ne mu ga maciji da guza da hawainiya da ƙadangaru a inda suke rayuwa, mu ɗauki hoto, mu dawo. Ba ma kamawa, ba ma kashewa, ba ma sayarwa. A ganina wanda ya san maciji ya fi wanda tsoro kawai yake ji iya kare kansa, kuma unguwanninmu na bukatar masu wannan sani. Wanda ke da ja, bismilla.

Mma Rabi: Wa alaikumus salam. Ni ce mai ja ta farko. Ɗana, mutum da hankalinsa, da sana'arsa a hannu, ya biya kuɗin trotro, motar haya, ya tafi neman abin da kowa ke roƙon Allah ya raba shi da shi? Mahaifiyarka ta san inda kake zuwa? Ni yayana a gonar koko maciji ya sare shi can wajen Goaso, muna yara. Kafin a samu motar da za ta fito da shi ƙafar ta kumbura har cinya. Ya tashi, amma da ɗingishi ya koma ga Allah. Shi neman abinci ya kai shi. Kai me ya kai ka?

Ɗan Aboabo: Allah ya jiƙan Kawu, Mma, ya sa ya huta. Ta sani, ba ta so, amma ta san yadda muke yi. Ki duba waɗanda maciji ya fi sara: manomi da silifas, mace mai ɗibar itace, yaro mai zura hannu a rami yana neman gafiya, mai fita fitsari da dare babu fitila, sai kuma wanda ya tasar ma maciji da sanda zai kashe. Dukansu ko dai ba su gan shi ba, ko sun matsa masa. Mu kuwa a hankali muke tafiya, haske na gaban ƙafa, ba mu sa hannu inda ido bai shiga ba, kuma in mun gan shi sai mu tsaya nesa da shi taku uku ko huɗu.

Bari in gaya muku yadda na ga kasa, macijiyar nan mai dafi, irin ta kurmi, a Bobiri. Jagoranmu ya tsaya cak, ya nuna ƙasa da sanda. Muka duba, busassun ganye kawai. Ya ce ku sake dubawa. Sai da ta ja numfashi, gefen jikinta ya ɗaga ya sauka, sannan idona ya raba ta da ganyen. Kaurinta ya kai damtsen babban mutum. Kan faffaɗa ne, fari-fari da siririn layi a tsakiya, sak busasshen ganye da jijiyarsa, ga ƙahoni biyu ƙanana a kan hanci. Zanen bayanta ruwan ƙasa ne da ruwan hoda da shuni-shuni, an jera shi daki-daki. Muka daɗe a tsaye, ko gezau ba ta yi ba. Haƙoran dafinta kan kai santimita 5, babu macijin da ya kai ta tsawon haƙori a duniya, amma ba ta bin kowa, kwanciya take tana jiran ɓera. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba zai ƙara tura hannu cikin ganyen gindin koko ba, kuma zai hana wani.

Alhaji Direba: Ni dai na ga gardawa da idona a Salaga da Tamale, suna rataya gamsheƙa a wuya suna rawa da ita. Su sun sha magani, sun gada. Ku me kuka sha? In dole sai kun je, ku nemi baƙin dutse. Nawa na cikin mota shekara da shekaru. Ana ɗora shi a kan sara ya manne, ya tsotse dafin, ya faɗi da kansa. Yaron motata da aka sara a hanyar Kintampo da shi muka yi masa, washegari ya tashi ya hau mota.

Nas Zulai: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan kam dole in sa baki, domin wannan magana ta rai ce. Na yi aiki a arewa kafin in dawo Kumasi, na karɓi masu saran maciji da hannuna. Wannan dutse ƙonannen ƙashi ne, yana da ƙananan ramuka shi ya sa yake mannewa a kan jini, amma ba ya janye dafin da ya riga ya shiga nama. Abin da ke sa a ga kamar ya yi aiki shi ne macizai da yawa ba su da dafi, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba. Irin wannan mutum ko ruwan sanyi ka shafa masa zai tashi. Yaronka Allah ne ya tsare shi. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai kuwa, zai zauna gida da dutse a ƙafa yana cewa da sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu dasashi ya fara jini, fitsari ya koma ja, tsohon rauni ya buɗe. Lokacin ake kawo mana shi a bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Gwajin da muke yi ba shi da wuya. Mukan ɗebi jini kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye minti 20 ba a taɓa ba. In aka karkata kwalbar aka ga jinin bai daskare ba, to dafin ya shiga jini, sai allurar kashe dafi. Babu wani magani da ke maye gurbinta.

Abin da za a yi in an sari mutum: a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da awarwaro kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da ɗan katako yadda ba za ta riƙa motsi ba, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada a bar shi ya yi gudu. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tamke da igiya ko robar taya. Na ga hannun da ɗaurin ne ya kashe shi, ba dafin ba. Kada a ba shi diklofenak ko asfirin, suna ƙara zubar jini. Kada kuma a ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Alhaji Direba: 'Yata, na ji ki. Amma asibitin ma ai ba kullum ake samun allurar ba. Mun taɓa kai wani, aka ce mu je mu sayo a waje, kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfin danginsa. Talaka ba don jahilci kaɗai yake komawa ga gardi ba.

Nas Zulai: Wannan gaskiya ne Baba, kuma shi ne babban ciwon. Akwai allurar da aka daɗe ana dogaro da ita a Afirka, Fav-Afrique, kamfanin Faransa da ke yin ta ya daina a 2014, ragowar ta ƙare aiki a 2016. Kuma ba kowace allura ke yi wa macizanmu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan wani asibiti a garin Yeji, nan Ghana, ya nuna masu mutuwa daga sara sun tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa 12.1 bayan an koma wata allura da aka yi a Indiya, wadda ba da dafin kububuwarmu aka haɗa ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda saran maciji, a 2017 ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, tana kuma son rage mace-macen da nakasa da rabi kafin 2030. Marigayi Kofi Annan, ɗan garin nan, ya tsaya wa wannan magana sosai a ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka Baba, asibitin da ba shi da allura zai iya tura ka inda take, zai iya taimaka wa mutum da numfashi in dafin gamsheƙa ko mamba ya fara shanye masa jiki. Dutse ba zai yi ko ɗaya ba.

Shi ya sa nake tambayar ƙanena mai macizai: kafin ku shiga daji, kun san asibitin da ya fi kusa da ku mai allurar? Kuna da abin hawa a tsaye, ko sai kun fito titi kuna tsayar da mota?

Ɗan Aboabo: Yaya Zulai, ba ma fita sai da mota ko babur biyu, ba ma fita mutum ɗaya, kuma mukan bar wa wani a gida labarin inda muke da lokacin dawowa. Bobiri ba ta da nisa da babban titin Akra, ta Kubease ake shiga bayan an wuce Ejisu. Maganar kiran asibiti a tabbatar akwai allura kafin a tashi, daga yau ta shiga ƙa'idarmu.

Ɗan Gombe: Ni baƙo ne a cikinku, goro ya kawo ni Kumasi, amma gidanmu kusa da Kaltungo yake. Duk wanda ya san wurin ya san akwai asibiti guda na saran maciji kawai. Lokacin shuka da lokacin girbi gadaje cika suke, har a ƙasa ake kwantar da mutane. Kububuwa 'yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon hannu ba, amma ta mayar da yara da yawa marayu a ƙasarmu. To in na ji wani na cewa maciji yana da kyau, raina ba ya so. Wanda ke zaune a birni ne ke ganin kyan maciji. Ku yi haƙuri, haka nake ji.

Habu Tech: Yaya, ba wanda zai ga laifinka. Ni ɗalibi ne, ilimin dabbobi nake karanta, kuma ina cikin masu fitar. Abin da zan ce shi ne allurar da ke ceton mutanen Kaltungo da dafin kububuwar ake yin ta. Sai an samu wanda ya san inda take, ya kama ta da rai, aka tatsi dafin, aka yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, sannan aka tace maganin daga jininsu. Kuma kafin gwamnati ta san wace allura za ta kai wane yanki, sai an san wane maciji ke zaune a can. Kurmin Asante daban, dajin arewa daban. Nan muna da kasar kurmi, da koren mamba, da baƙar gamsheƙa, da ƙaramar gajera mai bin kwaɗi. Kububuwa da kasa ta fili sun fi yawa daga Kintampo zuwa sama. Hotunan da muke ɗauka muna ɗora su a iNaturalist, shafin intanet na tara hotunan halittu, da rana da wuri, masu bincike na amfani da su. Ba na cewa wannan ne ke fitar da mu, sha'awa ce ke fitar da mu, amma sha'awar ba ta tashi a banza ba.

Ɗan Gombe: To in haka ne ku riƙa zuwa ƙauye kuna koya wa manoma, ba ku tsaya ga hoto ba. Takalmin roba guda ɗaya da za ku saya wa manomi ya fi hoto ɗari.

Mma Rabi: Yauwa, ka faɗi gaskiya ɗan nan. Ni kuma Malam nake jira. Ba an ce a kashe maciji ko ana cikin salla ba? Ya za a yi Musulmi ya gan shi ya tsaya ɗaukar hoto?

Malam Idi Sawaba: Bismillahi. Hajiya, hadisin da kika ambata ya inganta, an yi umarni da kashe baƙaƙe biyu ko a cikin salla, maciji da kunama. Malamai sun ce dalilin shi ne cutarwa, an sauƙaƙa wa mai salla ya kare kansa. Akwai kuma hadisin Abu Sa'idil Khudri kan macizan gidaje a Madina, cewa a yi musu gargaɗi kwana uku kafin a kashe. Duk wanda ya karanta Risala a makarantar zaure ya wuce wannan wuri a ƙarshen littafin: a Madina a yi gargaɗi, in an yi a wani gari ma ya yi kyau, a daji kuwa babu gargaɗi. Saboda haka wanda ya kashe maciji don tsare kansa da iyalinsa bai yi laifi ba, kada samarin nan su sa shi jin ya yi zunubi.

Amma halaccin kashewa daban, wajabcin bin kowane maciji har cikin kurminsa daban. Ban san malamin da ya ɗora wa mutum ya shiga daji yana farautarsu don lada ba. Fita kallon halitta kuwa, Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fari halitta. Sharaɗina uku ne. Kada a jefa kai ga halaka, wanda ya ɗauki mai dafi da hannu don a yaba masa ya saɓa wa aya a fili. Kada salla ta wuce saboda an kwana a daji. Kada a kulle dabba a kwali ko a kwalba ta mutu da yunwa, mun san abin da ya sami matar da ta ɗaure kyanwa. Zan ƙara da yaranmu masu harbin ƙadangare da danƙo don wasa: an hana mayar da mai rai abin gwada saiti. Iyaye su tsawata.

Safiya Tafo: Allah ya gafarta Malam, to tsaka fa? Mu tun muna yara aka ce mana in ta faɗa a abinci ko ta lashi kwano mutum kuturta zai yi, ko ya mutu.

Malam Idi Sawaba: Umarnin kashe tsaka ya zo a hadisi ingantacce, wannan babu ja. A kashe da bugu ɗaya, ba a azabtar ba. Maganar kuturta kuwa ba daga hadisin take ba, a tambayi masu ilimin abin.

Habu Tech: Tsaka ba ta da dafi, Yaya Safiya, kulɓa ma haka, hawainiya ma haka. Kuturta ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga mutum bayan doguwar cuɗanya, ba ruwan tsaka. Abin da ke gaskiya shi ne kashin ƙadangaru na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa, don haka a rufe abinci, a wanke hannu. A duk ƙasar nan babu ƙadangaren da dafinsa ke kisa. Guza dai in ka matsa mata za ta zabga maka wutsiya, kuma cizonta na ruɓewa in ba a wanke ba.

Tunda kin tambaya, wanda ke son fara wannan sha'awa ba sai ya je ko'ina ba. Ki zauna ki kalli katangar gidanku da hantsi. Kiski mai jan kai guda ɗaya ne ke riƙe da ita, matan da ƙananan maza masu ruwan ƙasa na ƙarƙashinsa. Yana gyaɗa kai yana ɗaga ƙirji don ya nuna wurin nasa ne. In wani namijin ya hau katangar za su jera gefe da gefe su yi ta bugun juna da wutsiya. Da sassafe kafin rana ta taɓa shi za ki gan shi dusu-dusu, jan bai fito ba, sai ya sha rana launin ke dawowa.

Safiya Tafo: Ni hawainiya nake son gani a daji, ban taɓa ganinta ba sai busasshiya a wajen masu magani a kasuwa. Mata na iya bin ku?

Ɗan Aboabo: Suna iya bi a fitar safe, da izinin gida, kuma ku zo ku biyu ko uku. Sai dai hawainiya da rana wuyar gani gare ta. Da dare ne take fita sarari: takan hau can ƙarshen siririn reshe ta naɗe wutsiya ta yi barci, jikinta ya koɗe ya yi fari-fari, tocila na haskawa sai ki gan ta a cikin duhun ganye. Ba sai an shiga kurmi ba, a shingen gonaki a bayan gari ma ana samu bayan magariba. Da safe kuwa Owabi ta fi. Dam ɗin tun 1928 yake ba Kumasi ruwa, kuma shi kaɗai ne wurin Ramsar, wato dausayin da yarjejeniyar duniya ke karewa, na ƙasar nan da ba a bakin teku yake ba. In aka bi gefen ruwan shiru za a ga guza kwance a kan kututture tana shan hantsi, da ta ji motsi sai dai ki ji tsulum. Abin baƙin ciki gine-gine na ta matso wurin, leda kuma ruwa na kwaso ta daga cikin gari.

Mma Rabi: Safiya, ki bari ki yi aure tukuna, mijinki ya kai ki gidan zu na Kejetia ki gani ta bayan waya. Ni dai ban sauka daga maganata ba.

Usman Alabar: Ni tambayata ta kasuwa ce. Na ji Turawa na sayen ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, da 'ya'yan damo, suna kiwo a gida. Tunda kuna ganinsu kuna wucewa, me zai hana ku nuna wa mai bukata wurin a raba riba? Zaman banza ya yi wa samari yawa.

Habu Tech: Gaskiya ne ana saye. Ghana da Togo da Benin su ne suka fi fitar da wannan mesa zuwa Amurka da Turai. Amma ba harkar da mutum zai faɗa kai tsaye ba ce. Tana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sai da takardar sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta da kamun namun daji, in ban da akrantiye, babban ɓeran dajin nan da ake ci, ga mai lasisi. A Owabi da Bobiri kuwa ko yaushe haramun ne. Ban da doka ma, dubi yadda ake yi: da rani ake tona ramuka a kwaso mata masu ciki ko masu kwanci a kan ƙwai, ita kuwa ƙwanta kaɗan ne, galibi ba ya wuce goma, sau ɗaya a shekara in ta samu. Wannan mesa ba ta da dafi, in ta tsorata dunƙulewa take ta ɓoye kai a tsakiya, abincinta ɓerayen da ke cinye wa manomi masara da rogo. Shi ya sa in mun ɗora hotonta mukan ɓoye ainihin wurin.

Usman Alabar: Kai ɗalibi ne, ana turo maka kuɗin abinci. Mafaraucin ƙauye da ke tona ramin nan da shi yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ku kun ɗauki hoto kun samu masu yabo, shi kun ce ya bari. Galamse, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta cinye daji da koguna sukutum, ba a hana ba, sai mai kama mesa ɗaya?

Habu Tech: Maganar galamse ba ni da abin cewa sai dai ka yi gaskiya, dubi launin kogin Offin kawai. Kuma ban ce mafarauci mugu ba ne, su suka fi mu sanin daji nesa ba kusa ba. Amma kuɗin da ake ba shi ɗan kaɗan ne a kan abin da ake sayar da ita a waje, kuma in ta ƙare a yankinsa dillali gaba zai yi, shi a bar shi da ɓeraye. In ya zama jagora ana biyansa duk zuwa, mesa ɗaya za ta yi ta kawo masa kuɗi tana raminta. Mu kanmu biya muke.

Usman Alabar: Ku nawa ne da za ku riƙe masa gida? Ban gamsu ba, amma na ji maganar takarda.

Ɗan Aboabo: Akwai abin da nake so ya fito kafin wani yaro ya karanta wannan ya tafi yana ɗaukar macizai don na ce macijin gida ba shi da dafi. Akwai wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi, ƙaramin kai, ido kamar babu, yana fitowa daga ƙasa bayan ruwan dare. Ganinsa ba ya ba da tsoro. Shi ba a iya riƙe shi ta wuya, domin haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa ya soki yatsa ba tare da ya buɗe baki ba, kuma mutane sun rasa yatsu ta haka. Koren maciji ma iri-iri ne, da yawa ba su da illa, amma mamba na cikinsu. Akwai kuma mai shan ƙwai, ba shi da ko haƙoran kirki, amma zanensa da yadda yake goga jikinsa yana ƙara duk irin na kububuwa ne. In masana kan tsaya su duba sau biyu, kai da ka ga hoto a waya kada ka taɓa ko ɗaya.

Maman Fati: Ku taimaka mini da wannan tunda masana sun taru. Kwana biyu ƙwan kajina na ɓacewa a akurki, jiya kuma na tarar da 'yan tsaki biyu a mace babu rauni a jikinsu. Gidanmu na kusa da rafi a Sepe, bayanmu fili ne da ciyawa. Maƙwabciyata ta ce in zuba kananzir da namijin goro a zagaye.

Habu Tech: Mma, ɓacewar ƙwai kaɗai zai iya zama guza ko gafiya, amma 'yan tsaki a mace babu rauni ya fi kama da gamsheƙa, kuma mai feshin dafi na son akurki. Kananzir da namijin goro ba sa korar maciji. Abin da ke kawo shi abinci ne da maɓoya. A sare ciyawar, a ɗauke tulin bulo da itace da tsofaffin kwanon rufi daga jikin katanga, a daina barin dusa a ƙasa da dare saboda ɓera, a riƙa kwashe ƙwai kafin magariba, a toshe ramuka, a zagaye akurkin da waya mai ƙananan ido. Kada ki leƙa ciki da fuskarki kusa, takan feso dafi daga nisan mita biyu kuma ido take nufa. In kin gan ta ki janye yara, ki bar mata hanyar fita, ki kira 112 ko ofishin namun daji.

Nas Zulai: In kuma ta fesa wa wani a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a buɗe fatar idon a yi ta kwarara kamar minti goma sha biyar, ko da ruwan leda ne. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi. Daga nan a wuce asibiti a duba idon ko da zafin ya lafa, domin raunin da ke makantarwa ba a ganinsa da ido. Yaran kuma su daina kwana a tabarma a tsakar gida sai an gano abin da ke shiga akurkin, in dole ne a sa gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa.

Maman Fati: To bari babansu ya dawo a fara da ciyawar yau. Habu, wayar mai ƙananan ido a ina zan samu, kuma yadi nawa zai ishi akurkin kaji goma sha biyu?